Tuƙi a kan dusar ƙanƙara: jagora ga direban Zariya da zai yi hunturu a ƙasar sanyi

Duk shekara Zariya tana sallamar mutanenta zuwa ƙasashen sanyi. Malamin Jami'ar Ahmadu Bello ya samu gurbin digiri na uku a Ingila ko Jamus, likitan Shika ya samu aiki a Kanada, ɗalibi ya tafi Rasha karatu, wata kuma aure ne ya kai ta Amurka. Galibi a watan Satumba ake tafiya, kafin mutum ya gama sanin gari ya sayi 'yar motarsa, Disamba ta kawo kai. A nan ne direban da ya goge a hanyar Kaduna zuwa Kano, wanda ke ratsa cunkoson Kwangila ko goga babu, zai tarar da titin da bai taɓa hawa irinsa ba. Hunturunmu hazo ne da ƙura da tsagewar leɓe, ko a tsakiyar Janairu ba safai sanyin Samaru yake sauka ƙasa da digiri 10 ba. Can kuwa ruwa ne ke daskarewa a kan kwalta.

Mota tana riƙe da ƙasa ne ta wurare huɗu kacal, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Tafiya da tsayawa da shan kwana, duk daga wannan riƙon ake ɗibar su. A busasshiyar kwalta riƙon yana da yawa, har direba ya taka birki a tsakiyar kwana kuma ya wuce lafiya. A kan dusar ƙanƙarar da motoci suka danne, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. A kan ƙanƙara mai sulɓi kuwa abin ya fi haka muni nesa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, daga kamawar birki zuwa tsayawa tana cin kamar mita 14 a busasshen titi, mita 40 zuwa 50 a kan dannanniyar dusa, a kan ƙanƙara kuma tana iya dosar mita 100. Dokokin hanya na Birtaniya sun ce nisan tsayawa yana iya ninkuwa har sau goma. Kuma idan ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa, ba sau biyu ba. Wanda ya taɓa shiga lakar damina a hanyar ƙauye ya ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa ya ɗan ɗanɗana abin, sai dai ita laka ana ganinta tun daga nesa.

Saboda haka duk abin da zai biyo baya a kan ƙa'ida ɗaya yake: riƙon kaɗan ne, kada ka nemi taya ta yi maka aiki biyu a lokaci guda, kuma kada ka yi komai da fizga.

Taya kafin komai

Robar tayar da aka yi don zafi tana fara taurara da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ko da titi a bushe yake. Tayar hunturu robarta tana zama da laushi a cikin sanyi, zanenta yana da zurfi, kuma akwai ƙananan tsagogi a jikin kowane haƙori da ke cizon ƙanƙara. Alamarta tana gefen taya: hoton dutse mai kawuna uku da furen ƙanƙara a cikinsa. Harufan M+S (wato laka da dusa) da ke jikin wasu tayoyi su kaɗai ba su kai wannan alamar ba, Jamus ma tun daga Oktoban 2024 ba ta karɓar su a matsayin tayar hunturu. Abin mamaki, cikin tayoyin Beljiyam da ake sayarwa a kasuwanninmu akan ci karo da masu wannan hoton dutsen. Waɗannan don sanyi aka yi su, a kwaltar Zariya cikin watan Afrilu saurin cinyewa suke yi, birkinsu kuma ba ya kai na tayar zafi.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A lardin Kebek na Kanada wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Suwidin daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris matuƙar akwai yanayin hunturu a titi. Rasha ta wajabta a watannin Disamba da Janairu da Fabrairu. Jamus ba ta sa rana ba, amma duk ranar da titi ke da dusa ko ƙanƙara dole ne. Birtaniya ba ta wajabta ba, shi ya sa 'yar dusa kaɗan take tsayar da gari cik.

Guda huɗu ake sawa. Mai tsimin kuɗi yakan sa biyu a gaba tun da su ke jan motar, ya bar tsofaffi a baya. Sakamakon shi ne gaba ya riƙe ƙasa, baya ya kasa, da an shiga kwana sai bayan motar ya juyo ya zama gaba. Zurfin zanen taya da doka ta amince da shi a yawancin Turai milimita 1.6 ne, amma wannan bai isa dusa ba. Suwidin tana neman milimita 3 ga tayar hunturu, Rasha 4, kai ma ka ɗauki 4 a matsayin iyakarka. Iskar taya kuma tana raguwa da kanta, kusan awo ɗaya na PSI a duk saukar digiri 5 zuwa 6. Ka auna ta duk mako biyu da safe kafin mota ta motsa, ka bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Kada ka rage iska da sunan ƙara riƙo, ba ya ƙarawa.

Masu mota mai jan ƙafa huɗu su lura da kyau. Tana taimakawa wajen tashi da hawa tudu, amma wajen tsayawa kowace mota birkin ƙafa huɗu gare ta. Babbar jif mai tayar zafi ba za ta tsaya kafin ƙaramar mota mai tayar hunturu ba, nauyinta ma ƙara tura ta yake yi.

Abubuwan da muka saba da su a gida waɗanda ke kashe mota a can

Ruwan famfo a lagireto shi ne na farko. A Zariya mutum yakan ɗauki jarka ya cika, bakanike ma ya cire tamostat ya ce mota za ta fi shan iska. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, wannan kumburin ya isa ya fasa lagireto ko ya tsaga injin ɗungurungum. Ana haɗa ruwan hana daskarewa da tataccen ruwa rabi da rabi, wannan haɗin yana jure sanyi har kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Akwai wanda aka riga aka haɗa, shi ya fi sauƙi, sai dai ka duba littafin motar don kada ka gauraya iri biyu da ba sa shiri. Tamostat kuma ya zauna a wurinsa, don idan babu shi injin ba zai yi zafi ba, hita ba za ta ba da ɗumi ba, gilashi ba zai washe ba.

Baƙin mai ma haka. Mai kauri irin 20W-50 da ya cika shagunanmu yana yin nauyi a sanyi, ya daɗe bai kai saman injin ba bayan an tayar. Lambar da ke gaban W ita ce ke nuna gudanarsa cikin sanyi, ƙarama ta fi: 5W-30 ko 0W-20, gwargwadon abin da kamfanin motar ya rubuta. Batir kuwa sanyi ne ke tona asirinsa, ƙarfinsa yana raguwa daidai lokacin da injin ke buƙatar ƙarfi fiye da kullum. Idan ya haura shekara uku zuwa huɗu, a gwada shi tun Oktoba. A wurare irin su Winifeg da Edmonton na Kanada motoci suna da wayar da ake jonawa da lantarki don ɗumama injin, ana jona ta awa biyu zuwa huɗu kafin fita idan sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili. Mai motar gas ya sani cewa gas ɗin bazara yana yin kitse ya toshe filta idan sanyi ya tsananta. Gidajen mai suna canjawa zuwa na hunturu da kansu, matsalar tana samun motar da aka ajiye da tsohon mai ne tun kaka.

Ruwan wanke gilashi a sayi wanda aka rubuta ma'aunin sanyin da yake jurewa, a ajiye wata jarkar a but, don ruwan gishirin da motocin gaba ke fesowa yana bushewa ya yi fari a gilashi, kuma yana cin ruwa sosai. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. A but kuma a samu ƙaramin shebur, makankarin gilashi mai buroshi, bargo, safar hannu, hula, tocila, wayar jona batir, abin cajin waya, ruwan sha, dabino, da ƙaramin buhun yashi.

Kafin ka tayar da safe

Ka ƙara minti goma zuwa sha biyar a kan lokacinka. Fara duba bakin salansa, idan dusa ta toshe shi ka share. Ka tayar da injin a fili, ba a rufaffen gareji ba. Ka juya iskar hita zuwa gilashi, ka kunna esi tare da ita, ka bar iskar waje ta shigo maimakon mai zagayawa a ciki. Mutane suna mamakin esi a cikin sanyi, amma shi ne ke tsotse laimar da ke sa gilashi ya yi dishi-dishi. Sannan ka share dusa daga rufi zuwa ƙasa: rufi, gilasai duka, madubai, fitilu, bonet, lamba. Wanda ya buɗe 'yar taga daidai idonsa ya kama hanya, da ya taka birki na farko dusar rufi za ta zubo ta rufe masa gilashi, ko ta tashi ta faɗa kan na bayansa, kuma a wurare da yawa tara ce. Ruwan zafi kada ya kusanci gilashi, yana tsaga shi. Kada ka kunna waifa alhali ta manne da ƙanƙara, robar za ta yage ko fis ya ƙone.

Ka kakkaɓe takalmi kafin ka shiga, don tafin da ke da dusa yana zamewa daga kan birki. Ƙatuwar rigar sanyi a cire ta kafin a ɗaura bel, musamman ga yara a kujerarsu. Rigar tana lotsewa lokacin karo, bel ya zama sako-sako. A ɗaure yaro tukuna, sannan a lulluɓa masa bargo a sama. Motocin zamani ba sa buƙatar dogon ɗumama, da gilashi ya washe ka tashi a hankali.

A kan hanya

Mai giyar hannu ya tashi da giya ta biyu, ya saki kuloci sannu a hankali da totur kaɗan. Giya ta ɗaya ƙarfinta ya yi yawa, taya za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana goge dusar har ta koma ƙanƙara. Mai atomatik ya ɗaga ƙafa daga birki ya bar motar ta fara rarrafe da kanta kafin ya taɓa totur, idan akwai maɓallin dusa ya danna. Da ka fito layin unguwa, babu kowa a bayanka, ka ɗan taka birki a gudun kilomita 15 zuwa 20 ka ji yadda titin ranar yake. Wannan gwajin ya fi duk hasashen rediyo.

Tazara ita ce inda direbanmu ya fi shan wahala, don a nan gida idan ka bar fili wani ne zai cusa hancin motarsa. A busasshen titi daƙiƙa biyu zuwa uku ake bari. A dusa ka bar takwas zuwa goma: motar gaba ta wuce wani turke, ka fara ƙirga, kada ka iso shi kafin takwas. Idan wani ya shiga filin, ka sake ja baya, ba gasa ake ba. Danja da mahaɗa da shataletale su ne wuraren da suka fi santsi, domin kowa a nan yake birki da tashi har wurin ya goge. Ka fara rage gudu tun daga nesa ta hanyar ɗaga ƙafa daga totur, ka iso kana rarrafe. Kwana kuma a gama birki kafin a shige ta, a juya sitiyari a hankali, a ƙara totur bayan an miƙe. Na'urar da ke riƙe gudu da kanta a kashe ta.

Tudu ana tunkarar sa da ɗan gudun da aka tara tun daga ƙasa, a riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, a jira motar gaba ta gama hawa don kada a tsaya a tsakiya. Gangara ta fi haɗari. A rage gudu a sama kafin a fara sauka, a sa ƙaramar giya, a riƙa taɓa birki sama-sama.

Fitila ƙarama ake kunnawa, ko da rana. Babbar fitila tana haska dusar da ke zuba ta dawo maka ido. Ka kunna da hannunka, don fitilun rana na motoci da yawa gaba kawai suke haskawa, baya yana duhu. Ɗabi'ar kunna sigina biyu ana tafiya cikin ruwa, wadda ta zama ruwan dare a hanyoyinmu, a bar ta a gida: na baya zai ɗauka a tsaye kake, kuma ba ka da halin nuna inda za ka juya. Motar share dusa da mai watsa gishiri ba a yi musu obatekin, titin da ke bayansu ya fi na gabansu. Gishirin ma yana da iyaka, idan sanyi ya wuce kamar digiri 10 ƙasa da sifili aikinsa yana raguwa ƙwarai.

Ƙanƙarar da ba a gani

Dusa fara ce, tana gargaɗi. Baƙar ƙanƙara kuwa siririn ruwa ne da ya daskare garai-garai har kwalta tana bayyana ta ƙarƙashinsa, sai titi ya yi kamar jiƙaƙƙe kawai. Ta fi samuwa idan ma'auni yana kusa da sifili, bayan dusa ta narke da rana ta sake daskarewa da dare, ko an yi ruwan sama a kan titi mai sanyi. Gada ce ke fara daskarewa, saboda iska tana bugun ta sama da ƙasa. Sai inuwar itatuwa da dogayen gine-gine, da kwari, da gefen kogi. Yawancin motoci suna nuna alamar gargaɗi a digiri 3 ko 4, domin fuskar titi tana iya fin iska sanyi.

Alamominta uku ne: titi yana sheƙi amma tayoyin motar gaba ba sa feso ruwa, ƙarar tayarka ta ɗauke, sitiyari ya yi sakayau. Idan ka ji haka ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taɓa birki, yawanci 'yan mitoci ne ka wuce. Lokacin da ya fi haɗari shi ne gab da fitowar rana, wato daidai fitar sallar Asuba da tafiya aikin safe. Magariba kuma a Disamba tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu a Ingila, don haka dawowa daga aiki ma cikin duhu ne da sabon daskarewa.

Idan mota ta zame

Idan tsayawar gaggawa ta kama, motar da ke da ABS, wato na'urar hana tayoyi kullewa lokacin birki, a take birki da ƙarfi a riƙe. Za ka ji feda tana karkarwa tana gurnani, aikinta ke nan, kada ka saki, kuma kana iya juya sitiyari kana cikin birkin. Tsohuwar mota marar ABS a taka har gab da tayoyi su kulle, in sun kulle a ɗan sassauta a sake takawa, don kullalliyar taya ba ta jin sitiyari.

Zamewa iri biyu ce. Ta farko, ka juya sitiyari amma motar ta miƙe. Gaba ne ya rasa riƙo, galibi don an shiga kwana da gudu. Hannu zai so ƙara juyawa, wannan kuwa ƙara lalata abin yake. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka ɗan warware sitiyarin har tayoyi su sake kama ƙasa, sannan ka juya a hankali. Ta biyu, bayan motar ne ya fita gefe. Idan ya tafi dama ka juya sitiyari dama, idan hagu, hagu, daidai gwargwado, ba birki. Mai giyar hannu ya taka kuloci. Da zarar bayan ya fara dawowa ka mayar da sitiyari tsakiya da wuri, in ka makara zai wulla ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. A duka biyun idonka ya tsaya a kan inda kake son zuwa, don hannu ido yake bi, mai kallon turken lantarki shi zai daka. Karatu kaɗai ba ya koya wa ƙafa wannan. Ranar dusar farko ka nemi filin ajiye motoci da babu kowa, babu turaku, ka gwada birki da kwana a gudun kilomita 20 zuwa 25. A Suwidin da Norwe horon tuƙi a kan santsi yana cikin sharuɗɗan samun lasisi.

Idan ta kafe ko hanya ta rufe

Ƙara totur haƙa rami yake yi. Ka fito ka share dusa daga gaban tayoyi da bayansu da ƙarƙashin motar, ka miƙe sitiyari, ka zuba yashi ko ka shimfiɗa tabarmar ƙafa a gaban tayoyin da ke ja. Ka kashe na'urar hana taya juyawa a wuri ɗaya na ɗan lokaci, don tana yanke ƙarfi daidai lokacin da ake buƙatarsa. Sai ka yi gaba kaɗan, baya kaɗan, kana tsayawa cik kafin canja giya, har motar ta samu lilo ta fita. Kada kowa ya tsaya daidai bayan taya. Da ka fita ka mayar da na'urar.

Idan guguwar dusa ta tsare ka a hanya, ka zauna cikin motar, ita ce mafakarka kuma ita masu ceto za su fi saurin gani. Yanzu ne amfanin sigina biyu. Ka kira 112 a Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada. Ka kunna injin kamar minti goma a kowace awa don ɗumi, amma kowane karo sai ka fita ka tabbatar bakin salansa a buɗe yake, ka kuma sauke gilashi kaɗan ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin injin ba ta da wari ba ta da launi, idan salansa ya toshe cikin mota take komawa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko barci mai nauyi su ne alamunta, da an ji ɗaya a kashe injin a buɗe ƙofa. Idan ku biyu ne ko fiye, a yi barci bi da bi, ɗaya yana farke yana duba salansa da fitilun masu zuwa.